Kafin ku hau jirgi, ku fara shiga meri

Ƙannena maza da mata na Cadakori da kewaye, har zuwa Gidan Runji da Agye da Gazawa,

Kwanakin baya na zauna a wata fada ta samari bayan la'asar, ana jiran ruwa na biyu na shayi, sai hira ta gangaro kan wani saurayi da ya je taron matasa a ƙasar waje, ya dawo da waya cike da hotuna. Kowa na tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce ɗan gata ne, wani ya ce sai da hanya, wani ya ce shi da za a ba shi dama ko gobe da asuba ya kama hanya. Na bari suka gama, sannan na tambaya: a cikinku wa ya taɓa shiga meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ba don karɓar takardar haihuwa ko buga hatimi ba? Mun fi goma a wurin, ba wanda ya amsa. Na ƙara da cewa, to wa ya san abin da ƙaramar hukumarsa ta tara bara daga tikitin kasuwa? Mai dafa shayin ya yi dariya, ya ce, "Yaya, ai wannan aikin manya ne." Amsar nan tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ku tambayi kakanninku ko haka suka tarar. Tun kafin a san wani abu wai shi meri, kowane gari na da sarkin samari, ƴan mata ma na da tasu shugaba. In za a yi gayya a gonar dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, ko za a yashe rijiya, ko a kewaye maƙabarta, ko a tarbi baƙi, maigari ba ya bi gida-gida. Sarkin samari yake kira, makaɗi ya buga, kafin hantsi aiki ya kankama. Wanda ya ƙi fita ba dalili, akwai tara a kansa, kuma samarin ne da kansu ke yanke ta. Wato suna da hukuma tasu, da dokarta, da mai tsawatarwa.

Da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, sai ya ɗauki wannan tsohon tsari ya mayar da shi na gwamnati. Samariya ta bazu ko'ina cikin ƙasa. An buga tubali an gina azuzuwa, an dasa itatuwa, an share hanyoyi, an yi gasar wasanni da kiɗe-kiɗe tsakanin jihohi. Har yau in tsofaffi na ba da labarin zamanin, za ku ji muryarsu ta canza, kuma suna da gaskiya, an yi aiki. Sai dai akwai abin da ba su cika faɗa ba. Daga sama umarni ke saukowa. Hannun samari ake bukata, ba a cika neman bakinsu ba. Sun ɗauki tubali, sun yi tafi, amma ba wanda ya buɗe musu littafin kuɗi. Shi ya sa da iskar siyasa ta juya bayan babban taron ƙasa na 1991, samariyar gwamnati ta bushe kamar ciyawar da aka tsige. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

Mulkin ƙananan hukumomi irin wanda kuka taso kuka gani ya tsaya da ƙafarsa ne da zaɓen ranar 24 ga Yulin 2004, lokacin da aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265. Cadakori na cikin biyar ɗin da ke gundumar Gidan Runji, tare da Gidan Runjin kanta, da Gidan Sori, da Saye Sabuwa, da Tibiri. Agye na tare da Cadawa. Gazawa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, na tare da Gangara. An sake zaɓe a Janairun 2011, aka kuma yi ranar 13 ga Disamban 2020. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta tsara cewa majalisa na zaman yau da kullum sau huɗu a shekara, kuma ƙofa a buɗe take, duk ɗan gari na iya shiga ya zauna ya saurara. Sarakunan gargajiya na da kujera a ciki, suna ba da shawara ko da yake ba sa jefa ƙuri'a. Ƙofar nan ta yi shekara kusan ashirin a buɗe. Samari nawa suka leƙa?

Na san abin da wani zai ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a ranar 4 ga Afrilun 2024 an rushe majalisun, aka naɗa shugabannin riƙo a madadin magadan gari. To tunda ba kansila, mene ne amfanin wannan dogon zance? Kansiloli ne suka tafi, ƙanena, aikin yana nan inda suka bar shi. Ana yankan tikiti ranar kasuwa, ana karɓar haraji, ana rubuta haihuwa da aure da rasuwa, ana yanke shawarar garin da zai samu famfo bana da wanda zai jira baɗi. Lokacin da ba wakilin da kuka zaɓa a ɗakin, lokacin ne ma idon ɗan gari ya fi amfani. Kuma duk ranar da aka dawo zaɓe, wanda ya riga ya san takardu shi zai shiga da ƙafar dama, a bar wanda ya iya ihu kawai a bakin ƙofa.

A kan takarda ba ku da abin kuka. Ƙasa na da Majalisar Matasa, da rassanta a jihohi da gundumomi da ƙananan hukumomi. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar matasa a Banjul a 2006, inda ta ce matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 35. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250 a 2015, yana kiran a sa matasa cikin shawarar zaman lafiya. Kusan rabin ƴan Nijar kuwa ba su kai shekara 15 ba, wato ƙannenku da ke bin ku a baya sun fi ku yawa. Amma ciwon majalisun matasanmu kowa ya san shi. Ranar zaɓen shugabanni a yi ta kai ruwa rana, a ɓata da juna, a raba muƙamai: shugaba, mataimaki na ɗaya, na biyu, sakatare, ma'aji mai riƙe da akwatin da ba ko dala a ciki. Daga nan sai barci. Ba a farkawa sai an ji wani furoje na masu ba da taimako ya shigo da taron bita na kwana uku, da kuɗin zama, da riga da hula. A zamanin jam'iyyu kuma, sai ɗan takara ya ari majalisar wata biyu, ya cika fili da ita, ya mayar. Wannan ai samariyar tafi ce ta dawo da sabuwar riga, kuma ta da ta fi ta, don ita ko ba komai ta bar azuzuwa.

Shawarata ita ce majalisarku ta ɗauki magana ɗaya tak, ta bi ta har ƙarshe. In ni ne, daga kuɗi zan fara, don wanda bai san inda kuɗi ke shiga da inda suke fita ba, duk surutunsa a bayan katanga yake yi. Kuɗin ƙaramar hukuma ba su da wuyar ganewa. Akwai harajin da masu gari ke tarawa, akwai na rumfunan kasuwa da na kara inda ake cinikin bisashe, akwai na tasha, akwai abin da gwamnati ke turowa, akwai na masu ba da taimako. Kasafin kuma gida biyu ne. Ɗaya na tafiyar da ma'aikata, wato albashi da man mota da takardu. Ɗayan na ayyukan da ido ke gani, wato aji da rijiya da ɗakin haihuwa da gyaran kasuwa. Ku nemi kasafin bana, ku ajiye gidajen nan biyu gefe da gefe, ku ga wanne ya fi ƙiba. Sannan ku dubi abin da aka ce za a yi bara, ku hau babur ku je ku gani ko yana tsaye. Ba sai kun yi jami'a ba. Wanda ya iya lissafin buhunan wake da suka fita daga rumbun babansa zai iya wannan.

Akwai kuma kundin da ake ce wa PDC, tsarin raya ƙaramar hukuma na shekara biyar. Kafin a rubuta shi ana zagayawa a tara mutane a tambayi bukatunsu, kuma masu furoje shi suke fara buɗawa kafin su sa kuɗinsu. Abin da bai shiga ciki ba, da wuya ya samu mai ɗauka. Ranar da aka zo wannan tambaya, galibi samari na cirani ko suna fada, sai dattawa su faɗi nasu, a rubuta, a tafi. Bayan shekara biyu ku ce an manta da ku. Ba a manta da ku ba, ranar rabo ce ba ku zo ba.

Takardun da Faransanci suke, na sani. To mene ne amfanin ƴan lakkol da ke cikinku? Ɗaya ya karanta, ya mayar da Hausa, almajirin da ya iya ajami ya rubuta nasa, a karanta wa kowa. Kundin mulkin ƙasa da hukumomi suka fitar a Maris ɗin 2025 ma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, saboda haka ba abin kunya ba ne ku nemi a yi muku bayanin kasafi da harshen da kuke mafarki da shi.

Kada kuma ku raina ƙananan kujeru. Kwamitin makaranta, kwamitin famfo, kwamitin likita, duk makarantun mulki ne, kuma yawancinsu neman mai iya rubutu suke yi ruwa a jallo. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce hukumar filaye ta gari, wadda ta samo asali daga dokar karkara ta 1993. A cikinta akwai wakilin manoma, da na makiyaya, da na mata, da na matasa. Nan ake shaidar sayen gona da jingina da aro, nan ake kula da iyakar burtali da mashaya. A ƙasar Gidan Runjin nan ba ma bukatar a ba mu labarin inda rikicin gona da kiwo ke kaiwa. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka rasa rayuka sama da ɗari, yawancinsu mata da yara, tabo ne da bai goge ba. In rigima ta tashi, ba tsoho ke ɗaukar sanda ba, saurayi ne. To wanda za a kira ranar faɗa ya kamata ya zauna ranar shata iyaka. Ku bincika wa ke kan kujerar matasa a hukumar filayen garinku. Kada ku yi mamaki in kun tarar da mai furfura.

Cadakori na da wani nauyi na daban. Tun 2019 ƴan'uwanmu daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa tsallakowa saboda ƴan bindiga, kuma Cadakori na cikin wurare uku da aka tsugunar da su, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Samarinsu da ku rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, filin ƙwallo ɗaya. Majalisar matasan da ba ta ba su tabarma ba, rabin labarin garin kawai take ji.

Ƙannena mata, ku ma da ku nake, ba rakiya kuka yo ba. Tun 2019 doka ta ɗaga kason da aka keɓe wa mata a muƙaman zaɓe zuwa kashi 25 cikin ɗari, amma kujera ba ta amfani in wadda ke kanta ba ta taɓa magana gaban mutum goma ba. Ku kuma samari, in kun sa taro bayan isha'i a bakin tasha, kun riga kun kori mata ba tare da kun buɗe baki ba. Ku sa shi da rana, a makaranta, da sanin iyaye da mazaje. Kuma in gaskiya za a faɗa, iyayenku mata na ƙungiyoyin asusu sun fi ku iya riƙon amana. Akwatinsu makulli uku gare shi a hannun mutum uku, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. Ku ari wannan dabara kafin ku tara jika ɗaya da sunan majalisa.

Yanzu mu zo kan jirgin. Ba ni da faɗa da tafiya. Kakanninmu sun kai Gwanja neman goro da ƙafa, malamanmu sun yi gabas neman karatu, kuma wanda bai taɓa fita ba yana zaton tuwon gidansu ne iyakar tuwo. Hanyoyin ma suna nan. Amurka ta buɗe shirin da ke ɗauke da sunan Mandela a 2014, don kai matasan Afirka jami'o'inta na mako shida. Akwai ƙawancen gari da gari, irin wanda Tasawa ta ƙulla da Conflans-Sainte-Honorine a Faransa. Sai dai irin waɗannan ƙofofi da iskar siyasa suke buɗewa, da ita suke rufewa. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025, ta bar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Maris ɗin shekarar, ta karkata ga ƙawancen Sahel tare da Mali da Burkina Faso. Wanda ya jingina majalisarsa da tikitin jirgi, ranar da tikiti ya yanke majalisar ta mutu.

Kuma ba kowane darasi ke bukatar fasfo ba. Ga Katsina nan kusa. A Najeriya matasa sun shafe shekaru suna bin ƴan majalisa ɗaya bayan ɗaya, jiha bayan jiha, har aka gyara tsarin mulki, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, aka rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Magana ɗaya suka riƙe, ba su sake ta ba. A Barazil kuma, birnin Porto Alegre ya fara tun 1989 tara mutanen unguwanni su zaɓi ayyukan da za a sa a kasafi, har garuruwa da dama a duniya suka kwaikwaya. Wannan a waya ma za ku iya karanta shi, ku tambayi kanku yadda zai zauna a ƙaramar hukuma mai garuruwa barkatai da rugage.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ganin ɗanmu ya je taro a waje yana sunkuyar da kai, kamar wanda ya zo bara. Daga jihar Maraɗi aka fitar da abu biyu da duniya ke koyi da su yau. Na farko sassabin zamani, wato barin kututture ya tofo a gona, a rage masa rassa, a raine shi ya zama itace. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara yaɗa shi tare da manoman Maraɗi a 1983, amma manoman ne suka ɗauke shi suka kai shi inda ya kai: kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin ƙasar nan. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da dokokinsa, har baƙi ke zuwa daga nesa su ga yadda ake yi. Na biyu Mata Masu Dubara, asusun da aka fara a karkarar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, wanda yanzu ake yin irinsa a ƙasashe da dama. Ɗan Cadakorin da bai taɓa zuwa Ɗan Saga ba, me zai faɗa in an tambaye shi a Dakar? Ku fara yin musayar tsakaninku. Majalisar Cadakori ta kwana biyu a Agye, ta Gazawa ta zo Tibiri. Kuɗin mota ne kawai da goron masauki.

Wanda Allah ya ba tafiyar waje kuma ya sani bashi ya ci. Da sunan garin aka kira shi, saboda haka a zaɓe shi a bainar jama'a, ba a ɗaki ba, kuma kada mutum ɗaya ya zama shi ne kullum. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar ƴan jaridar Afirka ta Yamma, da ya dawo ya zauna ya rubuta abin da ya gani da Hausa, littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ba a ce ku rubuta littafi ba. Shafi biyu sun isa, a karanta a fada, a kai wa maigari, a kai meri, in akwai rediyon gari a shiga a yi bayani. Wanda ya dawo da hoto kaɗai, yawon buɗe ido ya je. Wanda kuma ya sulale ya ƙi dawowa, ya toshe hanyar ƙannensa goma. Ku yi hattara da gayyatar da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wadda ke cewa a turo kuɗin rajista kafin a ba da gurbi. Kada ku tura ko dala sai kun tabbatar a ofishin kula da matasa.

Saura yadda ake shiga. Ina saurayi na taɓa miƙewa a wani taro, jini na tafasa, na ce wa wani ma'aikaci sun cinye kuɗin rijiya. Ya bar ni na gama, ya buɗe takarda, ya nuna mini cewa layin da na karanta na shekarar da ke tafe ne, kuɗin ma ba su iso ba. Aka yi mini dariya, kuma abin da ya fi ciwo, tambayata ta biyu wadda ke da gaskiya a cikinta ba wanda ya saurare ta. Tun ranar na koyi tambaya kafin zargi. Ku fara gaida maigari ku sanar da shi, don kada ya ji a bakin wani. Ku rubuta bukatarku a takarda, ku kai, ku nemi a buga muku hatimin shaidar karɓa a kwafinku. Ku yi sallama, ku ce ranka ya daɗe, ku zauna inda aka nuna muku, sannan ku yi tambayarku ba tare da kun rage mata ko harafi ba. Ladabi ba ya hana tambaya, rashinsa ne ke ba mai amsa hanyar zillewa. In an ce ku dawo jibi, ku dawo jibi. In an sake cewa jibi, ku sake dawowa, ku rubuta ranar a kaye. Kuma abin da ba ku tabbatar ba kada ya hau waya.

Litinin mai zuwa ku tura mutum uku meri, a cikinsu har da mace, da kaye da bik. Su nemi ganin sakataren ma'aikatar, su tambayi kasafin bana da shekarar da PDC ɗin yanzu zai ƙare. Da yamma su dawo fada su karanta muku abin da aka ce, kafin a sauke ruwa na uku.